Yadda Ake Fasa Tsohon Moto da Inji a Fitar da Jan Ƙarfe Ba Tare da Ƙonawa Ba

Wanda ya saba bi ta Ƙofar Ruwa da hantsi ya san wannan ƙarar: guduma a kan kurfi, kurfi a kan ƙarfe, yaro a tsugune ya danne tsohon moto da ƙafa yana ta duka, gumi har cikin ido. Can gefe kuma baƙin hayaƙi na tashi, an tara koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin moto, an cinna masa tsohuwar taya. Ni ma da haka na fara, kuma na daɗe a kai kafin in gane yawan abin da nake asara a cikin hayaƙin nan, na kuɗi da na lokaci da na lafiyar ƙirji. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda muke yin aikin yanzu da inji, tun daga saye har zuwa sikeli.

Idan na ce moto, ba motar hawa nake nufi ba. Ina nufin injin da wutar lantarki ke juyawa: na fanka, na injin markaɗe, na famfon tura ruwa, na firji, na injin wanki, da manyan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, musamman masaƙun da suka rufe aka bar injinansu suna tsatsa.

San abin da ke ciki kafin ka ciro kuɗi

Kowane moto kashi huɗu ne a wurin ɗan gwangwan. Akwai kwanso na waje da murafensa biyu, wanda ko dai kas ne, wato zubabben baƙin ƙarfe mai nauyi, ko alminiyom, ko falankin ƙarfe da aka naɗe. Akwai gidan koyil, wato zoben nan da aka yi da falle-fallen siraran ƙarfe aka manne su, aka cusa waya a cikin ramukansa. Akwai amecha da ke juyawa a tsakiya, da sandarta da boris biyu. Sai koyil ɗin kansa, wanda shi ne ango, domin saboda shi ake duk wannan wahalar.

Jan ƙarfen da ke cikin moto, wanda a kasuwa muke kira kwafa, bai kai yadda sabon shiga yake zato ba. A yawancin moton da ke zuwa hannunmu yana kamawa daga kashi 8 zuwa 15 cikin 100 na nauyin moton gaba ɗaya. Saura kusan duk baƙin ƙarfe ne, sai ɗan alminiyom. Amma wannan ɗan kason yakan fi duk sauran kawo kuɗi, saboda farashin kilo ɗaya na kwafa ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. Ke nan kuskuren kilo biyu ko uku a lissafin kwafa ya isa ya cinye ribar kaya guda.

Saye: nan ake cin riba, nan ake faɗuwa

Kada ka fita saye ba tare da abu uku a aljihu ba: mayen ƙarfe, ƙaramin magagari, da tocila.

Mayen ƙarfe zai gaya maka kwanso. In ya kama, kas ne ko ƙarfe. In bai kama ba, alminiyom ne, ko kuma irin ƙarfen nan da ba ya tsatsa na jikin sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Magagari kuwa shi ne mai fasa ƙwai a kan waya. Duk wayar koyil an shafe ta da banish mai launin ja ko ruwan zuma, saboda haka da ido ba ka isa ka bambance kwafa da alminiyom ba. Buɗe akwatin waya ko ka leƙa ta ramin iska, ka kankare waya ɗaya sosai har ka wuce fatar. In cikin ja ne, kwafa ce. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi masa kwalliya. Akwai ma mai wayo, wadda aka lulluɓe alminiyom da siririyar fatar kwafa ta gaske. Ita sai ka gutsure ta da filaya ka dubi bakin yankan, za ka ga fari a tsakiya, ja a gefe.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Wata rana aka kira ni wani shagon gyara a ce akwai tarin moton fanka da na injin wanki, buhu fiye da goma. Na kankare uku da ke saman buhu, duk ja, na biya kuɗin kwafa, na ɗauko a-kori-kura. Da muka zo muka fara fasawa, yarona ya ɗago koyil ɗaya ya jinjina a hannu ya ce, "Oga, wannan fa ba nauyi." Fiye da rabin kayan alminiyom ne. Ban ce an cuce ni da gangan ba, mai shagon ma wataƙila bai sani ba, amma jarin wata guda ya tafi. Tun daga ranar nake zazzage buhu ƙasa in ɗebi samfuri daga sama da tsakiya da gindi. Hannu ma yana koyo: kwafa ta fi alminiyom nauyi fiye da ninki uku, don haka koyil biyu masu girma ɗaya ba za su taɓa yi maka daidai a tafi ba.

Tsofaffin moton masana'anta masu cin wutar lantarki mai layi uku kusan kullum kwafa ne. Sababbin fankoki masu araha, ƙananan janareta da injinan wanki su ne wurin shakka.

Ga yadda nake lissafi kafin in yi tayi. A ce kayan kilo 100 ne. Sai in ƙiyasta kwafa kilo 10, alminiyom kilo 8, baƙin ƙarfe kilo 78, datti da roba da takarda kilo 4. In buga kowanne da farashin ranar, in cire kuɗin mota, da na wuta ko gas, da ladan yara, da abin da nake so ya rage mini. Abin da ya saura shi ne iyakar tayina. Farashin ranar nake cewa, domin kwafa tana bin dala da kasuwar ƙarafa ta Landan, na makon jiya ba ya aiki yau. Kira dillalai biyu da safe kafin ka fita.

Sai maganar da ba na so a yi mata sakaci. Kayan sata sun ɓata wa wannan sana'a suna a Kano. Sumon rijiyar burtsatsen unguwa, moton famfon masallaci ko na makaranta, wayar KEDCO, duk suna yawo suna neman mai saye. In yaro ya kawo maka sumo mai sheƙi da tsakar dare a rabin kuɗi, kai ma ka san ba gadonsa ba ne. Ajiye littafi, ka rubuta sunan mai kawowa da lambar wayarsa da inda ya samo kayan, in kayan kamfani ne a ba ka takarda. Shiga ƙungiyar 'yan gwangwan ta yankinka. Kuma duk wani dunƙulen ƙarfe da ba ka gane ba a cikin kaya, kada a dake shi, kada a yanka. A shekarar 2025 tsohon bam ya shigo Kano a cikin kayan gwangwan ya fashe ya kashe mutane, har gwamnatin jiha ta dakatar da shigo da gwangwan daga Arewa maso Gabas. Abin da ba ka sani ba, a nisance shi a kira 'yan sanda.

Ware mai rai daga matacce

Kafin guduma ta taɓa komai, duba ko moton zai tashi. Moto mai aiki, ko wanda boris kawai ya kashe, ya fi gawarsa daraja nesa ba kusa ba. Juya sandar da hannu ka ji ko tana tafiya sumul. Sansana ramin iska, ƙonannen koyil yana da ƙauri da ba ya ɓoyuwa. Sa mita a kan wayoyin: a moto mai layi uku, koyil ukun su ba ka lamba kusan ɗaya, kuma kada ko ɗaya ya haɗu da jikin kwanso. Karanta farantin da ke jiki, ka ga ƙarfinsa da gudunsa. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, gudun da aka fi gani a nan kuwa juyi 2900 ne da 1450 da 960 a minti. Masu injin markaɗe da masu rewayin, wato masu sake naɗa koyil, suna neman irin waɗannan, har wanda koyil ɗinsa ya ƙone ma sukan saya in kwanso da amecha lafiya lau suke. Ka ware musu gefe.

Sauran ka kasa su gida-gida: manya masu kwanson kas, matsakaita masu kwanson alminiyom, kwamfuresar firji da ta na'urar sanyaya ɗaki, sumo, kik da altaneta na mota, sai tarkacen ƙanana. Inji ya fi sauri idan girman kayan ɗaya ne, ba sai kana tsayawa kana sake saiti kowane minti ba.

Injinan da ake buƙata, da wanda za ka fara saye

Ba sai ka sayi komai rana ɗaya ba. Ni shawarata a bi su a haka.

Na farko injin matsi na haidurolik. Masu walda a nan Kano suna haɗa shi da kakkauran ƙarfe da jak mai tan 20 ko 30, irin na manyan motoci. Da shi ake turo gidan koyil daga kwanso, a fitar da sanda daga amecha, a tsaga kas. Ko wuta ba ya buƙata. Ka tabbata an yi masa raga a gaba, domin kas ba ya lanƙwasa, tarwatsewa yake yi.

Na biyu injin yanka da zare koyil, wanda yawanci daga Sin ake kawo shi. Gefe ɗaya wuƙa ce mai saukowa da ƙarfin haidurolik, ɗaya gefen kuma faratan ƙarfe ne masu damƙe waya su ja. Wannan shi ne ya raba mu da ƙona koyil. Kafin ka biya, tambayi ƙaramin gidan koyil da babba da yake ɗauka, ka gwada da irin kayan da ka fi samu. Tambayi irin wutar da yake ci, mai layi ɗaya ko mai layi uku. Sa a haɗo maka da wuƙaƙe na canji da robobin silinda tun a zuwan farko, don ranar da wuƙa ta karye ba za ka same ta a Sabon Gari ba.

Na uku injin ɓarza da mayen ƙarfe da teburin sheƙa. Wannan na mai kaya tan-tan ne. Zan zo kansa.

Maganar wuta kuwa, ka yi ta da kanka kafin inji ya iso. Moto yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da ya saba ci a lokacin tashi, saboda haka janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da na injin cif-cif zai durƙushe. Nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin biyu da rabi ko uku. In kana layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta kuma ya fi tsada, ka tuna tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit naira 225 wuta ta daina zama abin wasa, ko da an ɗan rage daga baya. Shi ya sa muke tara kaya mu buɗe su da hannu, sai mu kunna inji mu yi yanka a zama ɗaya. A sa wayar ƙasa, a sa bireka, kuma makashin injin ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an miƙe ba.

Wurin aiki ya zama da daɓen siminti da rufi. Kwafar da ta faɗi cikin ƙasa ta tafi, wadda ta sha ruwan sama kuma ta yi kore, mai saye ya samu abin rage kuɗi.

Cire abin da zai iya cutarwa

Wannan matakin gajere ne amma ba a tsallake shi. Moto mai layi ɗaya yakan zo da kondensa a jiki, tana iya riƙe wuta ko an daɗe da cire ta daga soket. Haɗa bakinta biyu da sukundireba mai hannun roba kafin ka taɓa, sannan ka yanke ta ka ajiye daban. Tsofaffin kondensa masu jikin ƙarfe da mai a ciki kada a fasa su, man wasu daga cikinsu guba ne.

Kwamfuresa ta fi kowa buƙatar hankali. Akwai mai a cikinta, akwai ragowar gas, kuma yawancin sababbin firji suna amfani da R600a, wanda ke kama wuta kamar gas ɗin girki. A tabbata mai gyaran firji ya zuƙe gas ɗin, a yanke bututun da filaya, a kife ta a kan bokiti ta kwana man ya tsiyaye, a waje inda iska ke kaɗawa. Sai washegari a yanka. Man kuma a tara a durom, akwai masu saye. Kada a zuba a kwata, domin kwatar nan ita ce ke bi ta ƙofar gidan maƙwabci. Sumo ma wasu da mai a cikinsu, haka za a yi musu.

Buɗe kwanso

Cire murfin fanka na baya, da fankar roba, da fuli in akwai. Kwance dogayen kusoshin da suka haɗe murafe biyu. In akwai sifana mai aiki da iska ko batir, aikin minti ɗaya ne. Wanda tsatsa ta cinye, kada ka tsaya kokawa da shi, sare kansa da injin yanka na masu walda. Bubbuga sandar ta baya da guduma da katako a tsakani, murfin gaba zai fito tare da amecha.

Yanzu saura gidan koyil a manne cikin kwanso. In kwanson alminiyom ne ko falanki, tsaga shi a tsaye da faifan yanka, layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka sa kurfi ka buɗa, zai saki. Kada faifan ya nutse, in ba haka ba ka ci waya. In kas ne, ɗora shi a injin matsi, ko dai ka turo gidan koyil ɗin ta ƙasa da zoben ƙarfe daidai faɗinsa, ko ka kwantar da shi ka matse har ya tsage. Duba ko akwai ƙaramin noti da ya riƙe shi ta gefe, mutane da yawa sun lanƙwasa injinsu saboda shi.

Kwamfuresa kuwa ana yanka ta a kewaye, dab da layin walda, murfi ya tashi, a kwance kusoshi huɗun da suka riƙe moton.

Murfin alminiyom yakan zo da boris ko zoben ƙarfe a maƙale. Fitar da su tun yanzu. Alminiyom mai ƙarfe a jiki kuɗinsa daban ne da tsarkakke.

Yanka da zarewa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne za ka gane me ya sa mutane suke ƙonawa. Wayar ta shiga ramuka ta fito ta wancan gefe ta sake komawa, kamar saƙa, sannan an jiƙa ta da banish an gasa ta ƙame. Muddin kai biyun suna nan, ko giwa ba ta zare ta. Sai an sare kai ɗaya, ko an raba zoben biyu.

Hanya ta farko ita ce sare kai. Dubi gefen da wayoyin haɗi suke, shi za ka sare, ka bar gefe mai tsafta don kamu. Yanke zaren da aka ɗaure kan da shi. Ɗora zoben a injin, wuƙa ta sauka dab da fuskar ƙarfe, kana juya shi kaɗan-kaɗan har kan ya fita kamar gammo. Abin lura shi ne yankan ya kwanta daidai da ƙarfen. In ka bar guntayen waya sun miƙo sun lanƙwashe, su ne za su maƙale a rami lokacin ja. In kuma wuƙa ta ci falle-fallen, bakin ramin ya toshe, ka jawo wa kanka aikin kurfi.

Hanya ta biyu ita ce raba zoben biyu a tsakiya, wuƙa ta ratsa ƙarfe da waya gaba ɗaya. Sai ka samu rabi biyu, kowanne da kansa na kamu, kuma tsawon wayar da za a ja ya ragu da rabi. Ga dogayen gidan koyil irin na sumo da manyan moto wannan ta fi, amma tana cin wuƙa.

Daga nan sai wurin ja. Zoben ya zauna daram a kan farantin, faratan su shiga ƙarƙashin kan wayar su damƙe. Kada ka ja gefe ɗaya har ƙarshe. Ɗaga nan kaɗan, saki, juya, ɗaga can kaɗan, har ka zagayo, sannan ka yi jan ƙarshe. Idan ya yi kyau za ka ji wata ƙara ƙas-ƙas, banish yana saki, sai koyil ya fito gaba ɗaya kamar an tuge gyaɗa bayan ruwa, ramuka su rage wayam. Ranar da na fara ganin haka, moton da yakan ci mini rabin yini ya ƙare kafin shayina ya huce, na daɗe a tsaye riƙe da wayar ina jujjuya ta, ja wur, babu toka babu ƙauri.

Wani koyil ɗin yakan yi taurin kai, musamman na manyan moton da aka cika wa banish. Shi ana ɗumama shi, ba a ƙona shi. Sa shi a rufaffen tanda ko ka bi shi da na'urar hura iska mai zafi har banish ya yi laushi, ka ja da zafinsa. Da ka ga hayaƙi, ka wuce gona da iri.

Na san abin da wasu za su ce: ai mai saye ya fi son ƙonanniya tunda ba fata a jikinta. Gaskiya ne akwai masu faɗin haka. Amma auna ka gani. Fatar banish siririya ce ƙwarai, abin da za a rage maka saboda ita kaɗan ne. Wuta kuwa tana sa saman wayar ya yi baƙi ya riƙa zuba kamar gari, siraran wayoyi su karye su ɓace cikin toka, kuma wannan duk nauyi ne da ka biya kuɗinsa. In da alminiyom a haɗe, shi yana narkewa tun a digiri 660, alhali kwafa sai 1085, sai ya dalale ya manne a jikinta ya ɓata kayan duka. Ga falle-fallen ƙarfen sun yi tsatsa. Ga hayaƙin roba da taya, wanda yaran da ke juya wutar suke shaƙa, matan gidajen kusa suke shaƙa. Dokar muhalli da hukumar NESREA ke kula da ita ma ta hana ƙona irin waɗannan kaya a fili. Na ga samari masu ƙarfi da tari ya kama ya ƙi saki, kuma ba na so in sake zama sanadi.

Hannu kada ya shiga tsakanin wuƙa da ƙarfe, ko da injin a tsaye yake. Yi amfani da ƙugiya ko dogon filaya. Mutum ɗaya ne zai riƙe kaya kuma shi ne zai taka inji, ba wani ya riƙe wani ya danna ba. Tabarau dole, takalmi mai rufi dole, babbar riga da hannun riga mai lilo a cire. Yaron da bai balaga ba aikinsa tsince takarda ne a nesa, ba tsayuwa gaban wuƙa ba.

Amecha

Iri biyu ce. Ta yawancin moton fanka da famfo da masana'anta ba waya a jikinta, alminiyom ne aka narka aka zuba cikin ƙarfen. Kada ka ɓata lokaci a kanta. Cire boris, turo sandar da injin matsi, ka sayar da dunƙulen yadda yake. Sandar kuwa ƙarfe ne mai kyau, masu injin sassaƙa ƙarfe da maƙera suna saye da ɗan daraja.

Ta kik ɗin mota da injin huda da bilenda ita ce mai waya, da zoben kwafa a kai inda gawayi ke gogawa. Sare ta dab da zoben, ka turo sandar, ka zare wayar kamar yadda aka yi wa gidan koyil. Ƙananan ba su biyan wahalar hannu, tara su don ɓarza.

Sababbin fankokin sola da famfunan sola da babura masu batir suna da mayen ƙarfe mai tsananin ƙarfi a ciki. Yana datse yatsa, kuma ba a gurza shi da inji domin garinsa na kama wuta. Ɓamɓare shi a hankali ka adana daban.

Tarkacen ƙanana da injin ɓarza

Wanda ya taɓa kai masara inji ya ga rabin wannan aikin. Guduma masu juyawa suna farfasa ƙananan moto har ƙarfe da waya su rabu, raga a ƙasa tana tace girman da ake so. Abin da ya fito yana hawa bel ya bi ƙarƙashin babban mayen ƙarfe, baƙin ƙarfe ya ɗauke. Saura ya tafi teburin sheƙa, wanda ke girgiza iska na hurowa ta ƙasa, daidai yadda mata ke bakace da faifai: kwafa mai nauyi ta haura gefe ɗaya, roba da takarda da alminiyom su gangara ɗaya gefen.

Injin yana da kyau amma yana cin wuta, yana da ƙara da ƙura, wurinsa Sharaɗa ko Dakata, ba cikin unguwa ba. In kayanka ba su kai su ciyar da shi kullum ba, ka tara ƙananan ka sayar wa mai shi, ko ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu. Kuma kada a zuba moton kwafa da na alminiyom tare, a ɓarza kowanne daban, domin siraran wayoyin biyu in sun cakuɗe tebur ba ya raba su tas.

Kula da inji

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne abokan gabar haidurolik a Kano. Duba mai kowace safiya, ka yi amfani da lamba 46 ko 68 yadda mai injin ya rubuta, na 68 ya fi jure zafinmu. Rufe tankin da kyau, goge sandar silinda kafin a tashi, a lulluɓe injin da tamfol. In mai ya yi zafi har ba ka iya dafa tankin, a huta. Wasa wuƙa tun kafin ta dakushe, dakusasshiya tana murƙushe rami maimakon yanka. In tiyo yana yoyo, kada ka laluba da hannu, man da ke fita da matsi yana huda fata. Kashe injin, ka sa kwali ka nemo wurin.

Tsaftacewa, awo da sayarwa

Koyil ɗin da aka zare yana zuwa da takarda da zare da 'yan sandunan roba ko katako na bakin rami. A zauna a tsince su, a yanke wuraren da aka yi haɗi da dalma a ware. Bi tarin da mayen ƙarfe sau biyu. Guntun ƙarfe ɗaya da mai saye zai gani a buhu ya ishe shi hujjar karya farashin buhun duka.

Kowane iri da buhunsa: kwafa mai kauri mai tsafta, siririyar kwafa, wayar alminiyom, kwanson alminiyom, kas, falle-falle, sanda, ƙarfen da ba ya tsatsa, da jar tagullar da ake samu a wasu famfuna. Alminiyom na kwanso masu zuba tukwane a nan cikin gari suna ɗauka. Baƙin ƙarfe dillalai ke tarawa su loda wa kamfanonin da ke narka shi su yi rodi, na nan da na Legas da Ogun. Kwafa ta fi tafiya da sauri, kuma kada ta kwana a fili, a kulle ta.

Auna kayanka a sikelinka kafin su bar shago, ka rubuta a jikin buhu. Gwada sikelin lokaci-lokaci da abin da ka tabbatar da nauyinsa, lita 20 ta ruwa kilo 20 ce ban da nauyin jarka. Ku yi magana a kan abin da za a cire na buhu da datti kafin a ɗora, ba bayan an ɗora ba. In mai saye ya ce, "Alhaji, a cire kilo biyu na datti," ka zazzage buhu ɗaya a gabansa ya nuna maka dattin.

Daga nan ka koma littafi. Kowane kaya da ka saya, rubuta irinsa da nauyinsa da kuɗin da ka biya, sannan abin da ya fito na kwafa da alminiyom da ƙarfe, da awa nawa inji ya yi a kansa. Bayan wata uku za ka ga da idonka cewa kwamfuresa tana ba ka kaza cikin ɗari, moton fanka kaza, na masana'anta kaza, kuma da waɗannan lambobin naka za ka riƙa yin tayi, ba da nawa na misali ba.